Gidan da Aka Saya da Fatiha

Shekarar da na shiga ajin neman lasisin dillancin gidaje, babu Bahaushen da ya tsira daga bakina a Greensboro. Da rana ina ɗaga kwalaye a wani sito da ke kan titin Wendover, da yamma in wanke fuska in rungumi wani ƙaton littafi in tafi aji. Da na kira mahaifiyata a Kano na gaya mata, salati ta fara yi. Can sai ta ce, "Wato duk digirin nan dillaliya za ki zama?" A ranta ta riga ta hango ni da ƙullin atamfa a ka, ina shiga gida-gida ina kwasar gulma. Na ce mata ai a nan dillali sai ya yi karatu, ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi takarda. Ta ce to Allah ya kyauta, ƙasar da ake zuwa makaranta don dillanci babu abin da ba za a gani a cikinta ba.

Malaminmu wani tsohon Bature ne mai jar fuska, wanda ya ƙare rayuwarsa yana sayar da gidaje, kuma bai san yadda ake koyar da doka ba sai da labarin wanda ta ci. Kowane babi da gawarsa. Ranar da muka zo babin yarjejeniya, ya ɗaga farar takarda sama ya bi mu da ita layi-layi. Ya ce a jihar nan cinikin gida ko fili sai a rubuce, da sa hannun mai sayarwa. Ko a gaban mutum ɗari aka yi maganar, ko an rantse, ko mai saye ya shiga ya yi fenti ya dasa itatuwa, in babu takarda kotu ba ta san an yi ciniki ba. Na yi dariya a cikina, don na tuna kakana da ya sayi gona a gaban mai unguwa da musafaha kawai, har yau jikokinsa ke nomanta. Duk da haka na ja wa wurin layi da alƙalami mai ruwan ɗorawa, har sau biyu, don an ce yana fitowa a jarrabawa.

Ilimin sati shida ya fi na shekara ashirin kumbura mutum. Ba a yin suna ko walima ban buɗe aji ba. Mace na zuba mini waina ina yi mata bayanin bambancin mallaka da haya. Wata ta ce mini rufin gidansu na yoyo, ban ce mata sannu ba sai da na karanta mata haƙƙin ɗan haya tun daga farko. Cikin wata guda aka sa mini suna Barista. Na san tsokana ce, amma ina amsawa, kuma wallahi tana mini daɗi.

Mutum ɗaya ce ba ta tsokanata da sunan, ita da gaske take faɗarsa. Anti ce, 'yar Maraɗi, wadda ta sauke ni lokacin da na iso ƙasar nan ban san kowa ba. Wata huɗu na yi a kan kujerar falonta ba ta taɓa nuna mini ta gaji ba. Mijinta ya rasu tun 'ya'yanta suna ƙanana, ta rene su da aikin gidan kula da tsofaffi, a hawa na uku na wani benen haya da ke bayan Wendover, inda ƙarar motoci ba ta ɗaukewa. A barandarta akwai bokitan fenti jere, cike da ƙasar da take sayowa a buhu, tana shuka yakuwa. Ofishin masu benen sun sha aiko mata da wasiƙa kan bokitan, ita kuma ta sha ninke wasiƙar ta sa a ƙarƙashin bokiti don kada ruwa ya ɓata siminti. Abin da take so a duniya bai da yawa. Tana so ta buɗe ƙofar baya ta taka ƙasa, ta san tata ce, ta shuka abin da ta ga dama. Don haka ta sayar da filin gadonta na Maraɗi ta haɗa da abin da ta tara, ta zauna jiran gida, saboda ta rantse ba za ta ci bashin banki mai ruwa ba.

Sai ga Alhaji zai sayar da nasa. Alhaji babba ne a cikinmu, mai motocin kai marasa lafiya asibiti, mai sahun farko, wanda in an yi rigima gidansa ake zuwa sulhu. Ya koma wani ƙaton gida a Pleasant Garden, ya bar ƙaraminsa na McLeansville babu kowa. Gidan ba wani abin kallo ba ne, ɗaki uku da tsohon kicin, amma bayansa fili ne har bakin itatuwa. Alhaji ya sanar bayan sallar Juma'a cewa shi ba zai ba bare gidan da ya yi shekaru yana salla a ciki ba, sai ɗan'uwa. Mutane suka yi ta kabbara. Wannan maganar kanta tana da babi guda a littafina, babin da ya hana shelanta wariya tsakanin masu sayen gida, amma ranar Barista ta yi kamar ba ta ji ba.

Wata Lahadi bayan Azahar na tuƙa Anti zuwa Pleasant Garden. Ta ce in zo da littafin, don a san ita ma da mai ilimi ta zo. A falon akwai Alhaji, da Malam limaminmu, da dattawa biyu da aka kira shaida. Mu muka zauna a gefe a kan kafet. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Maraɗi, aka tambayi Kano, sannan aka shiga ciniki irin wanda na saba gani tun ina yarinya. Anti ta taya, Alhaji ya ce albarka. Ta ƙara, ya sake cewa albarka. Malam ya sa baki, ya tuna masa marayu da ladan da ke cikin sauƙaƙa wa matar da mijinta ya rasu ta riƙe gidanta. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ja carbi, ya ɗago ya ce, "Na sallama. Don Allah na yi, ba don kuɗi ba. In na dawo daga Umra sai mu je wajen lauya a gama komai rana ɗaya." Malam ya ɗaga hannu aka shafa Fatiha. Anti na kuka, Hajiyar gidan ta shigo da shayi da dabino.

Littafin na cikin jakata, nauyinsa a kan cinyata. Na yi gyaran murya na ce, "Alhaji, da za a samu, da an ɗan rubuta wani abu yau an sa hannu, kafin tafiyar."

Alhaji ya ajiye kofinsa a hankali ya dube ni da murmushi, irin wanda ake yi wa yaron da ya yi tusa a gaban baƙi.

"'Yata, shekararki nawa a ƙasar nan?"

Na ce huɗu.

"To ni tun ba a yaye ki ba nake cikinta. Na faɗi magana a gaban Malam, a gaban dattawa, an shafa Fatiha, sannan ki ce sai na sa hannu? Takardar taku ta fi Fatiha ne?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce subhanallahi. Anti ta mintsine ni a cinya har sai da na ji a ƙwaƙwalwata. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Yi shiru, ɗiyata, kar ki ba ni kunya." Na ce Alhaji ya yi haƙuri, ƙuruciya ce. Ya ce babu komai, karatun boko ne, haka yake sa mutum ya daina yarda da kowa. Aka yi dariya, ni ma na taya su.

Daga Pleasant Garden zuwa gidan Anti tafiyar kusan rabin awa ce. Mu biyu ne a motar, babu Alhaji, babu Malam. Rabin hanya faɗa take mini, sauran rabin tana lissafa inda za ta sa kuɓewa da inda za ta sa rama. Ni da ba a iya rufe mini baki a gidan suna, ban ce mata uffan ba. Na gaya wa kaina ai ba ni da lasisi tukuna, kuma doka ta hana wanda ba shi da lasisi yin dillanci. Wannan gaskiya ne. Sai dai babu dokar da ta hana in buɗe shafi in karanta wa matar da ta ciyar da ni wata huɗu abin da na ja wa layi sau biyu. Tsoro na ji. Na ji tsoron a ce yarinyar nan ta ce Alhaji maƙaryaci ne, maganar ta zaga gari kafin Juma'a, in shiga taro a daina matsa mini wuri. Kuma na ga farin cikin da ke fuskarta, na ce bari in bar ta da shi, ai Alhaji ne.

Washegari Anti ta je ofishin masu benen ta ba da notis na kwana sittin. Ta ce mini matar ofishin ta tambaye ta ko ta tabbata, ita kuma ta ce mata ta riga ta sayi gida. Alhaji kafin ya tashi ya aiko mata da makullin ƙofar shingen baya, ya ce ta fara shukarta, ai gida ya zama nata. Farkon bazarar ƙasar nan ne, sanyi ya wuce, ƙasa ta yi laushi. Duk ranar hutunta sai in kai ta McLeansville, ta tuɓe takalmi tun daga bakin mota. Ta yi kunya shida da fartanyar da ta sa aka kawo mata daga gida. Ta fitar da irin yakuwar da take ɓoye a kwalbar magani ta shuka, ta ƙara da kuɓewa da rama. Maƙwabcin, wani tsoho mai motar yankan ciyawa, ya leƙo ta shinge ya tambayi mene ne wannan, ta yi masa alkawarin miya. Ni ina zaune a inuwa ina haddace babin haraji.

A sati na uku muka iso muka tarar da allo a kafe a gaban gidan. Hoton wata Baturiya ne a jiki, ta harɗe hannu tana murmushi da haƙora talatin da biyu, a ƙasa an rubuta gidan na sayarwa ne. Anti ta dubi allon ta dube ni. Ta ce, "Barista, mi ne ne wannan?" Na ce wataƙila kuskure ne. Na san ba kuskure ba ne, don ba a kafa allon nan sai mai gida ya sa hannu a takardar da ta ba dillali izini. Babi na bakwai ne, na ci shi a gwaji.

Labarin bai daɗe ba ya fito. Babban ɗan Alhaji, magidanci mai aikin kwamfuta a wani gari, wanda in ka gaishe shi da Hausa zai amsa maka da Turanci, ya zo duba gidan ya ga yadda ake rububin gidaje a yankin. Ya kira mahaifinsa a Makka ya gaya masa kyauta yake shirin yi da sunan ciniki. Cikin kwana biyar da kafa allon wasu mata da miji suka taya a rubuce, da farashin da ya wuce na Anti nesa. Anti ba ta daina zuwa ban ruwa ba. Ta ce Alhaji zai dawo ya cire allon da hannunsa, mutumin da ke ɗawafi yanzu haka.

Ya dawo ya yi fari ya yi ƙiba. Aka sake zama a falon nan, mutanen nan dai, wannan karon da ruwan zamzam a ƙananan kofuna. Malam ya yi magana mai kyau, in ba shi haƙƙinsa. Ya ce ciniki ya faɗa tun ranar da aka ce an sallama, kuma shi shaida ne duniya da lahira. Alhaji ya saurara yana gyaɗa kai, fuskarsa cike da damuwa kamar shi aka cuta.

"Malam, duk abin da ka faɗa haka yake. Amma ƙasar nan ƙasar doka ce, ba gida muke ba. Yaran nan sun turo mini takardu a waya ina can, suka ce in taɓa nan in taɓa nan, na taɓa. Ashe sa hannu ne."

Mutumin da ya ga cin fuska ne ya riƙe biro a gaban limami, ya sa hannu da yatsa a kan waya daga Makka, sau biyu, ɗaya na dillaliya ɗaya na masu saye. Ina cikin juya wannan a raina sai na ji ya kira ni.

"Barista, matso. Ke kika karanta abin nan, ba mu ba. Gaya musu tsakani da Allah. Maganar da muka yi ranar nan, a wajen doka, akwai ta?"

Duk suka juyo. Anti ma ta juyo, fuskarta a sake, irin ta wanda aka kira nasa shaida. Ni ce mai ilimin da ta zo da ita. Na nemi ƙarya a bakina ban samu wadda za ta yi amfani ba.

Na ce, "Babu."

"Wadda na taɓa a waya fa? In na ce na fasa?"

"Suna iya kai ka kotu."

Alhaji ya buɗe tafukansa ya nuna wa Malam. "Kun ji dai. Ba ni na faɗa ba." Sannan ya dube ni ya ce, "Yarinyar nan akwai ilimi. Allah ya yi miki albarka. In kin samu lasisin ki zo, ina da mutane." Tun da na fara karatun nan babu wanda ya taɓa yaba shi da gaske a gaban jama'a sai ranar. Dattawan biyu da aka kira shaida suka ce to, abu ya zama na ƙaddara, Allah ya musanya mata da mafi alheri. Aka sake ɗaga hannu. Anti ba ta ɗaga nata ba, kofin zamzam ɗinta ma yana nan yadda aka ajiye shi.

Jarrabawar na ci ta bayan sati uku, kuma tambayar ta fito kusan yadda tsohon Baturen ya faɗa, ban ɓata daƙiƙa biyar a kanta ba. Alhaji ya cika wannan alkawarin, ya turo mini mutane biyu. Amma duk lokacin da na tuna shekarar, ba ɗakin jarrabawa nake tunawa ba, motar nake tunawa, da muka fito daga Pleasant Garden karo na biyu.

Sai da muka hau babban titi ta yi magana, idonta a kan gilashin gaba.

"Tun ranar kin san haka?"

"Na sani, Anti. Na fara faɗa, kika ce in yi shiru."

"A gabansu na ce ki yi shiru. A mota wa ya hana ki?"

Ta ce kar in ajiye ta a gida, in biya da ita ta ɗauki bokitanta kawai, mu wuce McLeansville. Bokitan suna nan a baranda, ta riga ta zubar da ƙasarsu ta wanke su ta kife, da niyyar ba wa wata maƙwabciya. Muka zuba su a but ɗin mota.

Yakuwar ta kai gwiwa, ganyen ya yi kore shar. An riga an liƙa wa allon gaban gidan wata ƙaramar takarda cewa an yi ciniki. Anti ta tuɓe takalmi a bakin mota kamar kullum, ta buɗe ƙofar shinge, ta rataye makullin a jikin ƙusa ta bar shi nan. Ta durƙusa ta fara haƙo shukar ɗaya bayan ɗaya da saiwarta da ƙasarta, tana sawa a bokiti, tana danna gindin da tafin hannu. Tsohon maƙwabcin ya kashe motar yankan ciyawarsa ya tsaya yana kallo ta shinge. Kuɓewar da ramar ta bar su, don ba sa son dashe.

Ina riƙe mata bokiti, sai bakin nan nawa ya buɗe da kansa. Na ce, "Anti, wannan kam kina da gaskiya ko a doka. Littafin ya ce shukar shekara ta wanda ya shuka ce, ba ta bin gida."

Ta ɗago, gumi na zuba ta gefen ɗankwalinta, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Bon," ta ce, wato "to" da Faransancin da ya kama bakinsu. "Wannan kin faɗe ta da wuri."

Ta ci gaba da haƙa. Ofishin masu benen sun riga sun ba wa wasu ɗakinta. Bokiti shida muka hau da su hawa uku, ita biyu ni huɗu, muka jera su a barandar da saura kwana goma sha ɗaya ta bar ta.